Kwatanta Kyamara Mai Auna Nisa da Kyamara Marar Madubi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda zai kwatanta abubuwa biyu, wajibi ne ya fara tantance abin da ya haɗa su, sannan ya nemi ainihin inda suka rabu. In ba haka ba, kwatancen zai koma jerin lambobi kawai, a ce wannan ta fi waccan, a rufe magana. A wannan babi za a dubi kyamarori biyu na dijital, wato masu adana hoto a katin memori maimakon fim. Ta farko ita ce Leica M9, wadda kamfanin Leica na ƙasar Jamus ya fitar a watan Satumba na 2009. Ta biyu kuwa ita ce Sony A7 III, wadda kamfanin Sony na Japan ya fitar a 2018. Duk kamfanonin biyu sun fitar da wasu samfurori bayan waɗannan, amma an zaɓe su ne domin kowace ta wakilci jinsinta sosai. Abin da za a nuna shi ne, babban bambancinsu yana ga wanda aka ɗora wa alhakin gani da yanke hukunci kafin a ɗauki hoto: mutum ne ko kuwa na'ura.

2.0 Asalin Sunayen Biyu

Kafin a fahimci sunan "marar madubi", sai an san madubin da ake nufi. Akwai wani jinsin kyamara da ya daɗe a hannun masu sana'ar hoto, wanda ke da madubi a bayan gilashin gaba, wato lensi. Aikin madubin shi ne ya karkatar da haske zuwa maleƙa, wato 'yar tagar da mai hoto ke sa ido. Da zarar an danna maɓalli, sai madubin ya ɗaga sama, haske ya wuce ya faɗa kan fim ko sensa. Sensa shi ne ɗan farantin da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto.

Abin lura a nan shi ne, M9 da A7 III duk ba su da wannan madubi. Ke nan rashin madubi abu ne da ya haɗa su. Abin da ya raba su shi ne dabarar da kowace ta bi domin mai hoto ya ga abin da zai ɗauka.

M9 ta gaji tsarin da Leica ya kafa tun 1954 da kyamarar fim mai suna M3. Ba Leica ne ya fara mayar da wannan jinsi dijital ba, kamfanin Epson ne, da samfurin R-D1 a 2004. Leica ya biyo baya da M8 a 2006, sannan M9, wadda ita ce ta farko a jinsin da ke da sensa daidai da girman hoton fim, wato milimita 36 da 24. Shi kuwa jinsin da ake kira marar madubi ya soma ne da Lumix G1 ta kamfanin Panasonic a 2008, Sony kuma ya shigo da babban sensa cikinsa a 2013.

3.0 Yadda Ake Gani da Saita Hoto

Idan mutum ya miƙa yatsansa a gabansa, ya rufe idon dama ya duba, sannan ya rufe na hagu ya sake dubawa, zai ga kamar yatsan ya gusa. Idan yatsan na kusa, gushewar tana da yawa, idan ya yi nisa kuma sai ta ragu. Da wannan hikima M9 ke auna nisa. Tana da tagogi biyu a gabanta masu duban abu ɗaya daga wurare daban-daban. A tsakiyar maleƙa akwai ɗan fili mai haske inda abin da ake dubawa ke bayyana biyu. Mai hoto zai yi ta juya zoben lensi da hannu har siffofin biyu su haɗe su zama ɗaya. Haɗewarsu ita ce alamar hoto zai fito garau.

Wannan tsari yana da fa'idoji. Mai hoto yana ganin duniya kai tsaye ta gilashi, ba tare da jinkiri ba. Layukan da ke cikin maleƙa suna nuna masa iyakar hoton, amma yana ganin abin da ke wajensu, don haka yakan hango mai tafiya tun kafin ya shigo fili, ya jira shi. Haka kuma maleƙar ba ta yin duhu a lokacin da aka danna maɓalli.

Sai dai kuma akwai cikas. Tun da ba ta cikin lensi ake dubawa ba, abin da ido ya gani ba ya zama daidai da abin da ya shiga hoto, musamman a kusa. Ma'aunin ba ya aiki idan abu bai kai nisan santimita 70 ba, layukan maleƙa kuma an yi su ne don lensi masu tsawon milimita 28 zuwa 135 kawai. Bugu da ƙari, 'yan ƙarafa ne ke haɗa lensi da ma'aunin, idan kyamara ta bugu sukan goce, sai an kai wa ƙwararre ya daidaita.

A7 III ta bi wata hanya daban. Maleƙarta ɗan ƙaramin allo ne mai ɗigo miliyan 2.36, wanda ke nuna abin da sensa ke gani. Idan hoton zai yi duhu ko haske ya yi masa yawa, mai hoto zai gani tun kafin ya danna. Saitin ma ita ke yi da kanta, ta hanyar wurare 693 da aka baza a kusan dukkan faɗin sensa, har takan gano idon mutum ta bi shi duk inda ya juya. A nan na'ura ta ɗauke wa mutum rabin aikin.

4.0 Ƙarfin Sensa da Saurin Aiki

Masu saye sukan fara tambayar yawan ɗigon hoto, alhali a nan ne bambancin ya fi ƙanƙanta. M9 tana da ɗigo miliyan 18, A7 III kuma miliyan 24. Idan aka duba faɗin hoto, ɗigo 5,212 ne da 6,000, tazarar da ba kasafai ido ke lura da ita a hoton da aka wanke ba.

Inda tazarar ta yi faɗi shi ne wurin ƙarancin haske. Sensan M9 nau'in CCD ne, kuma iyakar ma'aunin ISO nata, wanda ke nuna yadda kyamara ke jure duhu, 2,500 ne. A7 III tana da nau'in CMOS, tana kaiwa 51,200. Ban da haka, sensanta yana motsawa domin ya rage illar rawar hannu, abin da M9 ba ta da shi. M9 tana ɗaukar hoto kamar biyu a daƙiƙa, A7 III kuwa goma. M9 ba ta ɗaukar bidiyo ko kaɗan, allon bayanta ma ba ya nuna hoto sai bayan an ɗauka. Saboda haka wanda zai ɗauki doki yana sukuwa, ko taro a ɗaki da dare, A7 III ce za ta fisshe shi. Duk da haka, an fara sayar da M9 a kan kusan dalar Amurka 7,000, ita kuwa A7 III kusan 2,000.

5.0 Lensi da Matsalar Tsufa

Tazarar da ke tsakanin bakin lensi da sensa a M9 milimita 27.8 ce, a A7 III kuwa 18. Wannan ya sa ana iya ɗaura lensin Leica a kan Sony da ɗan zobe mai cike gibin, amma ba a iya yin akasin haka. Sai dai lensi masu ɗaukar fili mai faɗi sukan ba da dishi-dishi a kusurwoyin hoto idan aka yi musu wannan ƙaura, domin sensan M9 an tsara shi ne musamman don ya karɓi hasken da ke zuwa a karkace.

Batun tsufa kuwa darasi ne babba. An gano cewa siririn gilashin da ke rufe sensan M9 yana iya lalacewa, tabo ya riƙa fitowa a hoto. Leica ya amince da matsalar a 2014, ya yi shekaru yana canza sensan, amma a 2020 ya sanar da daina wannan aiki saboda an daina ƙera shi. A ɗaya ɓangaren, lensin da aka yi wa M3 a shekarun 1950 yana hawa kyamarorin biyu. Abin da wannan ke nunawa shi ne, gangar jikin kyamarar dijital tana tsufa irin na kwamfuta, lensi kuwa yakan yi ƙarko. Ita ma A7 III wannan hukunci na jiran ta.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa A7 III ta yi wa M9 fintinkau wajen sauri da jure duhu da bidiyo da araha. Abin da M9 ke bayarwa shi ne horo: tana tilasta wa mai ita ya ƙiyasta nisa, ya lura da haske, ya jira lokacin da ya dace. Wanda hoto ne abincinsa, kuma ba ya da damar cewa a maimaita abin da ya wuce, ya fi buƙatar sabuwar. Wanda ke tafe a tsanake yana nazarin mutane da wurare zai iya samun biyan buƙata a tsohuwar, muddin ya bincika lafiyar sensanta kafin ya biya. Hausawa na cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi. Don haka kafin a tambayi wadda ta fi, a fara tambayar aikin da za a yi da ita.

Auna Fahimta

1. Bayyana dalilin da ya sa rashin madubi bai isa ya bambanta kyamarorin biyu ba.
2. Yi amfani da misalin yatsa ka bayyana yadda M9 ke auna nisa.
3. Zaɓi wasu kayan aiki biyu, tsoho da sabo, ka kwatanta su bisa tsarin da aka bi a wannan babi.