Ƙauyen Masunta Ba Bayan Duniya Ba Ne

Akwai maganar da ake yawan ji a bakin mutanen birni, har da masu ilimi: wai ƙauyukan masunta na bakin Gulbin Rima, a ƙasar Isa da Sabon Birni, ba su da wani tarihi. Tun kaka da kakanni daga su sai gora da koma, ba su san kowa ba, kowa bai san su ba. Masu faɗar haka suna da uzuri, domin tarihin Gobir da aka koya mana na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe, masunci kuwa bai bar ganuwa ko kundi ba. Duk da haka, ina ganin an yi wa mutanen nan gurguwar fahimta.

A duba inda Gobirawa suka riƙa kafa biranensu. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarki Babari ya zauna Alƙalawa, a fadamar Rima, inda daga baya Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, har birnin ya faɗi hannun masu jihadi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 aka kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maradi, sannan Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni, nan ma bakin ruwa. Sarauta gulbi take bi. In damina ta yi nisa, ruwa ya cika ya batse, mayaƙi da fatake da malamai duk sai sun nemi wanda ya san mashigi ya yi musu fito. Wanda kowane baƙo ke bi ta hannunsa, ta yaya za a ce bai san duniya ba?

Ita kanta sana'ar cike take da sawun baƙi. Sarkawa, gwanayen ruwa na Kabi da suka bazu a gulaben ƙasar Hausa, masana tarihi na danganta su da Sorko, masu jiragen daular Songhai a kogin Kwara. Tarkon gura da ake kafa wa tarwaɗa da karfasa a Rima, masuntan ƙasar Mali ne suka shigo da shi Najeriya. Zaren roba na masana'anta ya maye gurbin wanda ake murzawa da hannu. Masunci ya karɓi kowanne, ya gwada shi a ruwansa, ya riƙe mai amfani.

Gulbin ma bai san iyakar da Ingila da Faransa suka shata ba. Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina ya taso, ya shiga Nijar, ya dawo ya haɗu da Rima kusa da Sabon Birni. Dangi da auratayya da cinikin bandar kifi duk sun bi wannan hanya.

Abin da ke damuna shi ne raini yana haifar da sakaci. Tun daga 2019 ta'adin 'yan bindiga ya tura dubban mutanen yankin gudun hijira jihar Maradi, dattawa na rasuwa da abin da suka sani. Ya kamata ɗaliban tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da majalisun sarakunan Isa da Sabon Birni su zauna da Sarakunan Ruwa, su naɗi asalin zuriyarsu, da sunayen tafkuna da mashigai, da ƙa'idojin buɗe kamun kifi da rufe shi. Sai an haɗa wannan da labarin fada sannan tarihin Gobir zai cika.