Amanna da Iyawar Kai da Jagorancin Sauyi a Makarantun Sakandaren Falasɗinu

Wannan maƙala ta dubi abin da ke riƙe da shugaban makarantar sakandare a Falasɗinu, inda ikon da ofis ke ba shi bai taka kara ya karya ba. A kan ra'i biyu za a ɗora bayanin.

Na farko shi ne wanda Albert Bandura ya fito da shi a 1977, wanda za mu kira amanna da iyawar kai. Ba ji-da-kai ake nufi ba, kamar yadda wasu ɗalibaina sukan ɗauka. Imanin mutum ne cewa zai iya kammala wani takamaiman aiki, kuma babban tushensa, a ganin Bandura, shi ne nasarar da mutum ya taɓa samu da hannunsa. Na biyu kuwa jagorancin sauyi ne, wanda James Burns ya bayyana a 1978, ya kuma bambanta shi da jagorancin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, wato sayen biyayya da lada.

To, shugaban makarantar gwamnati a Yammacin Kogin Jodan ba shi da gishirin bayarwa. Tun 1994, da Hukumar Falasɗinawa ta karɓi ragamar ilmi daga hannun Isra'ila, ma'aikatar ilmi ce ke ɗaukar malamai da biyan su. Daga ƙarshen 2021 albashi ya fara zuwa a gutsure, har malamai suka shiga dogon yajin aiki a 2023. Ga kuma shingayen soja da kan makarar da malami da ɗalibi, alhali jarrabawar Taujihi, wadda ita ce ƙofar jami'a, ba ta jiran kowa. Abin da ya rage wa shugaba ke nan shi ne ya sa malami ya ɗauki aikin a matsayin nasa. Wanda shi kansa bai yarda zai iya ba, da wuya ya shawo kan wani.

Ina wannan amanna ke fitowa? A nawa ganin, tarihi ya taimaka. Lokacin da Isra'ila ta rufe makarantun yankin na tsawon watanni a 1988, malamai sun ci gaba da karantarwa a gidaje da masallatai. Ɗaliban wancan zamani yau sun kai shekarun shugabanci, sun kuwa ga karatu ya yiwu ba tare da aji ba.

Sai dai ra'in yana da iyaka. A Zirin Gaza, yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya lalata mafi yawan gine-ginen makarantu, karatu ya koma cikin tantuna.