Ƙaramar Mota Da Doguwar Tafiya: Shin Za Ta Kai Mu Khartum?

Tun da sojoji suka karɓe Singa a watan Nuwamba na 2024, suka kuma shiga Wad Madani a Janairun 2025, jama'armu suka fara komawa gidajensu a ƙauyukan Jazira da na bakin kogi har zuwa Damazin. Da yawa sun tarar babu motar da suka bari, domin motoci na cikin abin da aka fi wawashewa a lokacin yaƙin. To yanzu duk wanda Allah ya hore wa ɗan abin hannu, yana son ya mayar da abin hawa, kuma kuɗin da ke akwai ba ya wuce na ƙaramar mota. Shi ya sa a majalisa bayan la'asar, har ma a ɗakin malamai, tambaya ɗaya ce ke yawo: ƙaramar mota irin su Atos da Tico da Amjad, za ta iya zirga-zirga tsakanin Mai Wurno da Khartum, ko kuwa ta cikin gari ce kawai?

Mu ba makanikai ba ne, malaman makaranta ne. Amma mun sha hawa waɗannan motoci, mun kwana a hanya saboda su, kuma mun iya lissafi. Abin da muka gani shi za mu faɗa.

Da farko mu san abin da ake nufi da ƙarami. Injin Tico da na Amjad, wadda asalin sunanta Damas, silinda uku ne, kuma girmansa bai kai lita ɗaya ba, wajen kashi takwas cikin goma ne na lita. Ƙarfin Tico kimanin doki 40 ne, nauyinta bai kai kilo 700 ba. Atos ta ɗan fi su. Accent kuwa, wadda masana'antar Giyad da ke kan hanyar Madani ta daɗe tana harhaɗawa, injinta ya kusa ninka na Tico. Su Koriya da suka ƙera waɗannan ƙanana, don titunan birni suka yi su. Mu kuma muka rungume su saboda tsadar mai, musamman bayan ɓallewar Kudu a 2011, wadda ta tafi da kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, da kuma janye tallafin fetur a 2021.

Gaskiyar magana ita ce, nisa shi kaɗai ba ya kashe inji. Injin da ke da lafiya, da ruwa a lagireto da baƙin mai mai kyau, ya fi jin daɗin tafiya a kan kwalta da gudun kilomita 80 a awa, bisa ga tsaye-tsayen kasuwar Sennar. Daga Mai Wurno zuwa Khartum kilomita 300 ne da ɗoriya, kuma ƙasar a shimfiɗe take kamar faifai, babu hawa babu gangara. Tankin Tico na lita 30 zai iya kai mutum idan bai yi ganganci ba. Ashe ke nan matsalar tana wani wuri dabam. Mun ƙirga wurare huɗu.

Na farko shi ne lodi. Mu Hausawa ba mu san tafiya mu kaɗai ba. Da an ji za ka Madani, sai inna ta ce a kai ta asibiti, maƙwabci ya kawo buhun dawa a kai wa ɗansa, ga ɗalibi mai komawa jami'a da akwatinsa. Manya biyar da buhu ɗaya sun haura kilo 400, wato fiye da rabin nauyin motar kanta. A nan ne birki ke rage kamawa, taya ta ɗauki zafi, inji ya riƙa nishi. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, da jakuna da ƙafa suka ratso Sahel har bakin wannan kogi, kuma sun san ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Mu jikokinsu sai muka manta.

Na biyu shi ne wuce manyan motoci, kuma nan ne rai yake. Hanyar Khartum zuwa Madani, wadda aka fara ginawa da taimakon Amurka a zamanin Abbud, mai zuwa da mai dawowa duk a kan kwalta ɗaya suke, ba banza ba mutane suka laƙaba mata hanyar mutuwa. Haka take har Sennar da Singa da Damazin. Bari mu yi lissafin aji. Ga tirela tana gudun kilomita 70, kai kana 90. Kafin ka fito daga bayanta, ka wuce ta, ka koma hannunka, kana bukatar ka ci mata kamar mita 60. Wannan zai ɗauke ka wajen daƙiƙa 11, kuma a cikinsu ka shafe mita 275. Bas ɗin da ke tahowa da gudun 100 shi ma ya ci mita 300. Wato sai kana hango fili fiye da rabin kilomita kafin ka leƙa. Wannan fa idan motar ta riga ta kai 90 ɗin. Ƙaramar mota cike da mutane, ka taka totur har ƙasa, sai ta yi ta shawara kafin ta amsa. Babbar mota tana iya fitar da direba daga kuskurensa. Ƙarama ba ta da wannan rarar.

Na uku shi ne zafi da ƙura. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura 40 a ma'auni. Wata shekara kafin yaƙi muka tashi daga Mai Wurno mu biyar a Atos ɗin wani abokin aikinmu, bayan hantsi, na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Mun wuce Wad al-Haddad da Haj Abdalla lafiya, mun bar Madani, muna dab da Hasahisa sai allurar zafi ta haye. Mai motar ya ce saura kaɗan, mu ƙarasa gari. Wannan saura kaɗan ɗin ita ta ƙona inji. Muka kwana a kan gadajen haya a bakin hanya, kuɗin gyara kuwa ya cinye albashinsa na watanni. Da aka buɗe, sai ga lagireto ya toshe da laka saboda ruwan tur'a da ake ɗura masa, matatar iska kuma ta cika da ƙurar habub. Laifin wa? Motar dai ta yi gargaɗi, mu ne muka ƙi ji.

Na huɗu shi ne inda kwalta ta ƙare. Yawancin ƙauyukanmu da kambo-kambon da 'yan'uwanmu ke zaune cikin gonakin Jazira ba a bakin titi suke ba, sai an bi gefen tur'a. Baƙar ƙasar nan da ta yi wa auduga rana tun da aka gama madatsar Sennar a 1925, da ruwa ya sauka daga Yuli zuwa Satumba sai ta zama danƙo. Ƙaramar taya da mota mai kusa da ƙasa ba su da ta cewa a nan. Wannan aikin boksi ne da tarakta. Ko a kan kwaltar ma, ramin da Hilux za ta taka ta wuce, shi ne zai fasa tayar Tico ya lanƙwasa ƙarfenta.

To mene ne abin yi? Wanda yawan tafiyarsa daga ƙauye zuwa Sennar ko Singa ce, sai jefi-jefi ya leƙa Madani ko Khartum, ƙaramar mota ta ishe shi, bisa sharaɗi. Kada a wuce mutum huɗu da kaya marasa nauyi. A tashi da asuba don a isa kafin rana ta take. A tsaya a kan 80, a haƙura da bin bayan tirela har sai hanya ta buɗe sarai. A duba iskar taya tun tana da sanyi, a riƙe safaya mai kyau da jak da galan na ruwa mai tsabta da fanbel. Bayan kowace awa biyu a tsaya a sha shayi, direba ya miƙe ƙafa. Idan allura ta hau, a tsaya nan take, kuma kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce. Tafiyar dare kuwa a bar ta, don dabbobi da amalanke ba su da fitila.

Amjad kam muna ganin a bar ta a gari. Doguwa ce siririya, iskar bas mai wucewa tana kaɗa ta, kuma tsakanin ƙafar direba da abin da zai ci karo da shi babu komai sai ɗan ƙarfe. Wanda kuma sana'arsa ce hawa hanyar Damazin kowane mako da kaya, ko mai niyyar kai iyali Port Sudan ta Gadarif da Kassala, fiye da kilomita dubu ga kuma duwatsun Akaba, gara ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin Accent ko boksi, ko ya sayi tikitin bas ya bar motarsa a inuwa.

Mun san akwai iyalan da ƙananan motocin nan suka fitar daga Madani a Disambar 2023, mutum a kan mutum, har suka kai Gadarif. Mun gode wa Allah da ya tsare su. Amma abin da larura ta sa aka yi ba ya zama ƙa'ida a lokacin da mutum ke da zaɓi. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya kiyaye hanya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.