Tara Waƙoƙin Finafinan Hausa da Nazarinsu

Ɗalibai, duk wanda yake zaune a Abuja ba ya bukatar a kwatanta masa waƙar fim ɗin Hausa. Kuna jin ta a shagunan Kasuwar Wuse da tashar mota ta Jabi, kuna jin ta a teburin mai shayi a Kubwa ko Nyanya ko Gwagwalada, har ma a wayar wanda kuka zauna kusa da shi a motar haya. Da yawa daga cikinku Gbagyi ne, ko Yarabawa, ko Ibo, ko Tibi, ko Nufawa, kuma wasunku sun iya rera amshin waƙa guda tun kafin su iya gaisuwar safe da Hausa. To, ga tambaya. Idan aka ce muku, "Wa ya yi waƙar nan?" sunan wa za ku faɗa? Yawancin mutane sunan ɗan wasan da suka gani yana rawa suke ambata. Galibi kuwa ba shi ba ne.

Waƙar fim takan bi ta hannun mutane huɗu kafin ta iso kunnenku. Akwai marubuci, wanda ya tsara baitoci. Akwai mawaƙi ko mawaƙiya, wato mai muryar da aka ɗauka a situdiyo. Akwai mai kiɗa, wanda ya haɗa sautin da ke rakiyar murya. Daga ƙarshe sai ɗan wasa ko 'yar wasa, waɗanda suke motsa leɓe a gaban kyamara kamar su ne suke rerawa. Wannan motsa leɓen shi 'yan fim suke kira mamin. Wani lokaci mutum ɗaya yakan riƙe biyu daga cikin ayyukan nan, musamman rubutu da rerawa, amma wanda ake gani da wanda ake ji ba kasafai suke zama mutum ɗaya ba. Ku ɗauki misalin marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan wasan barkwanci da ya rasu a watan Disamba na 2014. Jama'a da dama sun ɗauka shi ne yake rera waƙoƙin finafinansa, alhali kuwa da yawa daga cikinsu muryar Sadi Sidi Sharifai ce, ya karya ta har ta dace da bakin Ibro.

Wannan tsari ya daɗe a ƙasar Indiya. A can Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022, ta shafe shekaru masu yawa tana ba 'yan wasa mata aron muryarta, haka kuma Mohammed Rafi ya yi wa maza har rasuwarsa a 1980. Mutanen Kano da Kaduna da Jos sun shekara da shekaru suna kallon finafinan Indiya a gidajen silima da talabijin kafin su fara shirya nasu, saboda haka ba abin mamaki ba ne da tsarin ya biyo su. Bambancin shi ne, a Indiya sunan mai rerawa yakan fito ɓaro-ɓaro a jikin faifai, kowa ya san shi. A wajenmu suna ya fi saurin ɓacewa, kuma za ku ga dalili nan gaba.

Ana lissafa Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta shirya a Kano a 1990, a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya sami kasuwa. Amma waƙa ba ta zama jigon sana'ar ba sai wajen ƙarshen shekarun 1990, lokacin da situdiyoyin Kano suka fara amfani da na'urar kiɗa ta Yamaha, wadda Hausawa suke kira fiyano. Da ita mutum ɗaya yakan fitar da sautin ganga da sarewa da goge ba tare da ya kira makaɗi ko ɗaya ba. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999 da Ali Nuhu da Fati Muhammad, ya nuna wa kowa cewa waƙa mai daɗi tana iya sayar da fim fiye da labarinsa. A wannan shekarar ce Sunusi Shehu Daneji ya laƙaba wa masana'antar suna Kannywood a mujallar Tauraruwa. A shekarar ce kuma Alhaji Mamman Shata ya rasu, mutumin da ya cika ƙasar Hausa da murya da kalangu ba tare da fiyano ba. Ba na cewa wannan ne ya kawo wancan, amma haɗuwar abubuwan a shekara guda ta isa a tsaya a yi tunani.

Salon waƙar da ya fito daga nan ana kiransa nanaye. An samo sunan daga amshin waƙoƙin da 'yan mata suke yi a dandali da dare suna tafi. A nanaye yawanci namiji da mace ne suke karɓa-karɓa, wannan ya yi baiti, wannan ta mayar masa. Muryoyin da suka riƙe wancan zamani sun haɗa da Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙasim da Maryam A. Baba, wadda waƙar Sangandale ta zame mata laƙabi. Daga baya aka sami irin su Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, waɗanda sunansu kaɗai yakan sa a nemi waƙa ko da ba a ga fim ɗin ba.

Yanzu ku lura da yadda waƙar take fita kasuwa, domin a nan ne aikin mai tarawa yake farawa. A zamanin kaset, akan saki waƙoƙin fim a kaset na saurare tun kafin fim ɗin ya fito, don su zama talla. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano su ne suke rarraba su zuwa sauran garuruwa, har Abuja, har Maraɗi da Yamai a Jamhuriyar Nijar. Kaset yana da kwali, kwalin kuma yana ɗauke da sunan fim da na kamfani, wani lokaci har da na mawaƙa. Bayan kaset sai faifan CD. Bayansa sai katin waya, inda mutum zai je wurin masu tura waƙa ya ba da 'yan kuɗi a cika masa. A wannan mataki ne kwali ya tafi. Waƙa ta riƙa yawo daga waya zuwa waya da sunan da mai turawa ya ga dama ya sa mata: wani ya rubuta sunan ɗan wasa, wani ya rubuta kalmar farko ta amshi, wani ya bar lamba kawai. Yau akwai YouTube da Audiomack da Boomplay, inda sababbin mawaƙa suke sa aikinsu da sunansu, kuma wannan ci gaba ne. Sai dai tsofaffin waƙoƙi da yawa wasu ne daban suka ɗora su, da kurakuran da suka gada daga katin waya.

Kada ku ɗauka abin da ya yaɗu ba ya ɓata. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi shekaru da yawa ba a ganinsa, sai da aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin Berlin a 2018. Wannan fim ne da gwamnati ta kashe wa kuɗi, marubucin labarinsa kuma Firayim Minista ne. Ina ga kaset ɗin ƙaramin kamfani wanda ya rufe tun tuni? Hukumar tana da ma'ajiyar fim da bidiyo da sauti a Jos, kuma ita ce take shirya bikin finafinai na Zuma a nan Abuja, amma babu wata ma'ajiya da za ta iya bin kowane gida ta kwaso abin da ke ƙasan akwati.

Akwai kuma batun haƙƙi. Kuɗin da aka ba mai tura waƙa a bakin titi ba ya isa hannun wanda ya rubuta ta ko wanda ya rera ta. Wannan shi ake kira satar fasaha, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, mai hedikwata a Abuja, don yaƙi da ita aka kafa ta. Mawaƙin da aka kwashe masa kuɗi ya yi asara ɗaya. Wanda aka kwashe masa kuɗi aka kuma goge sunansa ya yi asara biyu, ta biyun kuma ta fi wuyar gyara.

Saboda haka mai tara waƙa na gaskiya ba a auna shi da yawan abin da ke cikin wayarsa. Ana auna shi da abin da ya sani game da kowace waƙa. Ku sami littafi guda, ku ba kowace waƙa shafinta. Ku rubuta sunanta, da fim ɗin da ta fito a ciki, da shekara, da kamfani, sannan marubuci da mawaƙa da mai kiɗa, da 'yan wasan da suka yi mamin. A ina za ku sami waɗannan? Wuri na farko shi ne ƙarshen fim, inda sunaye suke gudu a allo kowa kuma yake tashi. Ku zauna, ku tsayar da hoton, ku kwafa. Tsofaffin kofe na mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a 1999, suna cike da hira da mawaƙa. Shirin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa ma yakan ba masu sana'ar dama su faɗi da bakinsu abin da suka yi. Idan kun sami tsohon kaset a gida, ku nemi izinin mai shi, ku ɗauki hoton kwalin gaba da baya, ku ajiye shi nesa da rana da ƙurar hunturu da raɓar damina.

Ga ku masu koyon Hausa, irin wannan littafi yana da wani amfani kuma. Waƙa tana maimaita kalma har ta zauna a kai. Cikin 'yan kwanaki za ku san bambancin so da ƙauna, da bege da kewa, da alkawari da amana. Za ku kuma gane amsa-amo, wato yadda layuka suke ƙarewa da sauti iri ɗaya. Ku gwada jera zuciya, gaskiya, duniya, lafiya, tafiya. Za ku ga dalilin da ya sa mawaƙan soyayya ba sa rabuwa da waɗannan kalmomi.

Amma a nan akwai rami, kuma ina so ku gan shi. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga ciki. Wuya na jiki daban yake da wuya ta wahala, karin sauti ne ya raba su. Kuka na hawaye daban yake da kuka ta miya. Gari da mutane suke zama a ciki yana da gajeren wasali a farko, gari na tuwo kuwa dogo. Mawaƙi yakan ja wasali don ya cika kiɗa, yakan kuma sauya jerin kalmomi a jimla don amsa-amo ya fita. Bahaushe yana ji ya gane, domin ya riga ya san asalin kalmar. Mai koyo kuwa yana iya ɗaukar abin da kiɗa ya tanƙwara ya kai shi kasuwa, a yi masa dariya. Don haka duk kalmar da kuka tsinta a waƙa, ku nemi mai jin Hausa ya faɗe ta a magana, ku kuma duba ta a ƙamus, kafin ku sa ta a insha'i.

Idan kun tara, sai tattaunawa. "Tana da daɗi" ko "ba ta da daɗi" ba tattaunawa ba ce. Ku tambayi kanku: waƙar nan ta ciyar da labarin gaba, ko an tsayar da labari ne don a yi rawa? Idan aka cire ta, me fim ɗin zai rasa? Wannan ne ma'aunin da ni na fi yarda da shi, kuma waƙoƙi da yawa da suka yi tashe ba za su tsallake shi ba. Akwai kuma tsohuwar muhawara da za ku tarar. Wasu malamai da iyaye suna ganin rawa da waƙa tsakanin namiji da mace kwaikwayon Indiya ne da bai dace da kunyar Bahaushe ba, kuma irin wannan ƙorafi yana cikin abin da ya sa Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Masu kare 'yan fim sukan ce ai tatsuniyar Hausa ma tana da waƙa a tsakiyarta, kuma gaɗa ta girmi silima. A ganina kowane ɓangare ya riƙe wani abu. Sa waƙa cikin labari namu ne tun fil azal, amma saurayi da budurwa suna zagaya furanni suna sauya tufafi sau uku a waƙa guda, wannan kam baƙo ne. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan, ga wanda zai ci gaba da karatun Hausa a jami'a.

A wannan zangon karatu kowannenku ya zaɓi waƙoƙi biyar, aƙalla biyu daga cikinsu su kasance na finafinan da suka girme shi. Ku tambayi iyaye da yayye da maƙwabta Hausawa, cikin ladabi, waɗanda suke tunawa. Inda mutum biyu suka ba ku suna daban-daban, ku rubuta duka biyun tare da inda kuka ji kowanne. Inda ba ku sami sunan mawaƙi ba, ku bar gurbin a buɗe, kada ku cike shi da sunan ɗan wasa.