Rabawa a Harsunan Kwamfuta

A watan Yulin 2007 ƙasar Gana ta sauya kuɗinta, inda tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya. Mai shago a unguwar Kaladan ta birnin Tamale da ke bin bashin tsohon sidi 25,000 ya san haƙƙinsa sidi biyu da rabi ne. Amma a harshen C ko Java, idan lambobin nan biyu cikakku ne, amsar rabawa 2 ce. Rabin ya salwanta ba tare da gargaɗi ba. In kuwa ɗayarsu mai ɗigo ce, harshen kan juya ɗayar da kansa, amsa ta fito 2.5.

Wato alama ɗaya ke yin aiki biyu, kuma ba a gane wanne za ta yi sai an duba irin lambobin. Harshen Pascal ya bambanta su tun farko da div da /. Python 3 na shekarar 2008 ma haka ya yi: / na ba da 2.5, // na ba da 2. Wannan tsari ya fi, domin mai rubuta manhaja ne ke yanke shawarar yar da ragowa, ba na'ura ba.