Bayani a Kan Ajiye Tumatir Cikin Kwalba da Tukunya Mai Matse Tururi

Ku sani, daga Janairu zuwa Maris tumatir yakan cika kasuwar Juma'a ta Wudil, daga fadamun bakin kogi da gonakin Kadawa da Kura waɗanda ruwan Tiga ke shayarwa. Damina na sauka sai ya yi tsada. Saboda haka mai dabara a Sabon Gari yakan yanka kauɗa ya shanya, wani kuwa ya niƙa ya tafasa ya ɗura a kwalba, hanyar da Bafaranshe Appert ya bayyana a littafinsa cikin 1810.

To, a nan hatsarin yake. Akwai wata ƙwayar cuta a cikin ƙasa wadda irinta ba ya mutuwa da tafasar ruwa, wato zafi 100 a ma'aunin Salsiyas. Idan an rufe ta inda babu iska babu tsami, sai ta haifi dafi mai shanye jiki har ya tsayar da numfashi, kuma sau da yawa ba wari ba canjin launi. Tsami ke daƙile ta, alhali tsamin tumatir a bakin iyaka yake. Shi ya sa masana suka ce a zuba ruwan lemun tsami cokali 2 na cin abinci a kowace kwalba mai lita 1. Amma wanda ya haɗa albasa da tattasai da attaruhu wurin niƙa, yadda aka saba, ya rage tsamin ke nan. Tafasawa kaɗai ba ta wadatar masa.

Babbar tukunya mai matse tururi takan kai zafi 116, wanda ke kashe irin. Sharaɗinta, a bar tururi ya yi ta fita minti 10 kafin a ɗora nauyin a bisa ƙofarsa. Bayan an sauke, a ƙyale ta ta huce da kanta. Kada a watsa mata ruwa don gaggawa. Ƙaramar tukunyar dafa wake ba ta isa wannan aiki ba.

Ita ma tukunyar tana da haƙƙi. A zura zare a ƙofar tururi don a ga ba ta toshe ba. A duba robar murfi, domin hunturu da zafin bazara sukan busar da ita ta tsage, sai a sake wata. Mai agogo kuwa a gwada agogonta kowace shekara. In za a ajiye, a wanke a shanya, a ɗora murfin a birkice ba tare da an ɗaure ba.