TSORO DA YANKE ƘAUNA A JINYAR SANKARAR NONO

An shirya wannan ɗan littafi ne domin matan da likita ya tabbatar musu suna da sankarar nono, watau ciwon daji na mama, da kuma mazajensu da 'yan'uwan da ke ɗawainiya da su, musamman a garin Gombe da kewayensa. Yawancin bayanin da ake yi wa jama'a game da wannan ciwo yakan tsaya ne a kan duba nono da hanzarta zuwa asibiti. Wannan daidai ne. Amma akwai wani sashe na jinya wanda ba a cika magana a kansa ba, shi ne halin da zuciyar mai ciwon take shiga tun daga ranar da aka gaya mata har bayan an gama magani. Tsoro da yanke ƙauna suna cikin wahalhalun ciwon, suna da dalilai sanannu, kuma suna da magani.

Dalilin Da Ya Sa Ba A Raina Tsoro

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 an sami wannan ciwo a jikin mata kimanin miliyan 2 da dubu 300 a duniya, ya kuma kashe kimanin 670,000. A Nijeriya an ƙiyasta sababbin masu ciwon fiye da 32,000 a wannan shekara, waɗanda suka rasu kuwa fiye da 16,000. A ƙasashe masu arziki, cikin kowace mata 10 da suka kamu, 9 suna nan da rai bayan shekara 5. Babban abin da ya bambanta mu da su shi ne jinkirin zuwa asibiti da kuma yanke magani ba a kammala ba.

A nan ne tsoro yake yin ɓarnarsa. Shi ne yake sa mace ta ɓoye ƙullutu a nononta wata da watanni. Shi ne yake sa ta gudu daga asibiti ranar da aka ambaci fiɗa. Yanke ƙauna kuwa shi ne yake sa ta ce, bayan allura ta biyu ko ta uku, “Ku bar ni haka nan, me ya rage?” Saboda haka ne shirin yaƙi da sankarar nono da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya sa wa kansa buri uku: a gano kashi 60 cikin 100 na masu ciwon tun bai yi nisa ba, a tabbatar da ciwon cikin kwana 60 daga zuwan mace asibiti, kuma aƙalla kashi 80 cikin 100 su kai ƙarshen maganinsu. Buri na uku ba ya cika sai an kula da zuciyar mai jinya kamar yadda ake kula da jikinta.

Abubuwan Da Aka Fi Tsoro

1. Mutuwa. Mutane da yawa sun ɗauka duk wadda aka ce tana da daji ta gama yawo. Dalili kuwa shi ne waɗanda suka rasu kowa ya ji labarinsu, waɗanda suka warke kuwa sukan yi shiru don kunya. Sankarar nono tana da matakai 4. A mataki na 1 da na 2 ana sa ran warkewa sarai. A na 3 ma ana yin magani da nufin warkarwa. Mai jinya ta tambayi likita matakin da nata yake, kada ta auna kanta da wata.

2. Allura da wuƙa. Akwai magana da ta daɗe a bakin jama'a cewa daji ba ya son allura, da an taɓa shi da ƙarfe sai ya bazu. Wannan magana ba ta da tushe. Ɗan naman da ake ɗiba da allura a auna, shi ne yake nuna wa likita irin ciwon da maganin da ya dace da shi. Abin da yake yaɗa ciwon shi ne barinsa ba magani. Tsagar wanzami da shafa magunguna masu ƙona fata kuwa gyambo suke haifarwa, su ci lokaci da dukiya.

3. Cire nono. Wannan babban rashi ne, kuma ba laifi mace ta yi kukansa. Amma a sani ba kowace ake cire wa nono ɗungurungum ba. Idan ciwon ƙarami ne akan cire wurin kaɗai. Wadda aka cire wa kuwa tana iya sa nonon roba ko ɗan ƙunshin auduga a cikin rigar nono, ba mai ganewa. Tana nan matar aure, tana nan uwa. Mata da yawa sun haihu bayan magani, sun shayar da ɗaya nonon, amma lalle a shawarci likita game da lokacin ɗaukar ciki.

4. Ruwan magani mai kashe ƙwayoyin daji. Galibi ana ba da shi ta jijiya, sau ɗaya a mako 3, har sau 6 ko 8. Yana kawo tashin zuciya, da kasala, da zubewar gashin kai wajen mako 2 zuwa 3 bayan na farko. Farce da tafin hannu sukan yi duhu, haila takan ɗauke. Wadda ba a gaya mata ba sai ta zaci ciwon ne yake cinye ta, alhali kuwa aikin magani ne. Gashin kai yana tsirowa 'yan watanni bayan an gama, kuma akwai magungunan hana amai.

5. Gashi da na'ura. Sunan ne yake firgita mutane, su zaci wuta za a sa musu. Haske ne da ba a gani, ba a kuma jin zafinsa lokacin da ake yi. Ana gamawa cikin 'yan mintoci kowace rana har tsawon wasu makonni. Fatar wurin takan yi duhu ko ta yi kaushi daga baya. Wani lokaci akan tura mai jinya wani gari domin wannan, kamar Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, don haka iyali su shirya tun da wuri.

6. Bakin mutane. Sankara ba sammu ba ce, ba jifa ba ce, ba kuma alhakin wani ba ne. Ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya, ko kwanciya a shimfiɗa ɗaya, ko wanke tufafin mai ita. Zargin kishiya ko maƙwabciya ba ya ƙara wa gida komai sai gaba.

7. Kuɗi. Jinyar tana da tsada, kuma mata da yawa sukan fi damuwa da nauyin da suka ɗora wa iyali fiye da ciwon kansa. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara aiki da wani asusu na taimakon marasa galihu masu sankarar nono, da ta bakin mahaifa, da ta mafitsarar maza. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan hanyar Ashaka a Gombe yana cikin asibitoci 6 da aka fara da su. A nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin a tambayi irin taimakon da ake samu da takardun da ake bukata. Tambaya ba roƙo ba ce.

Damuwa Da Ciwon Damuwa

Kuka, da rashin barci, da faɗuwar gaba a kwanakin farko, duk abin da aka saba gani ne, kuma ba su nuna raunin imani. Galibi sukan ragu idan an fara magani, mace ta san inda ta dosa. Amma akwai lokacin da baƙin ciki yake zama ciwo mai zaman kansa. Ga alamunsa, idan sun kai mako 2 ba sauƙi:

(a) baƙin ciki kusan kullum, daga safe har dare;
(b) rashin sha'awar abin da a da take so, har da hira da 'ya'yanta;
(c) rashin barci, ko farkawa da tsakar dare ana tunani;
(d) ganin kanta ba ta da amfani, ta zama kaya ga mutane;
(e) ƙin cin abinci ko ƙin shan magani da gangan;
(f) fatan mutuwa, ko tunanin halaka kanta.

Wadda aka ga haka a tare da ita, a gaya wa likitanta. Idan ta ambaci halaka kanta, a kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin hauka; wannan ciwo yana jin magani da shawarar masana. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta tanadi kare mutuncin masu neman irin wannan taimako.

Shawara Ga Mai Jinya

'Yar'uwa, ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu da kika amince da su, ki gaya musu gaskiyar abin da yake damunki. Ba dole ne unguwa duka ta sani ba, amma kada ki ɗauki kayan ke kaɗai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ki tafi asibiti da mai rakiya, ki kuma shirya tambayoyinki tun daga gida. Idan an yi bayani da Turanci ba ki gane ba, ki nemi a maimaita da Hausa ko Fulatanci ko harshen da kike ji. Haƙƙinki ne. Abin da ba a sani ba ya fi ban tsoro.

Ki nemi ma'aikatan jinya su haɗa ki da wata da ta gama magani. Ganin mace irinki tana tafiya da ƙafafunta, gashinta ya dawo, ya fi dogon lallashi.

Ki riƙe ibadarki. Addu'a da shan magani ba sa karo da juna, kuma limami ko fasto na gari ba zai hana ki asibiti ba. Ki yi hattara da duk wanda ya ce ki ajiye maganin likita ki koma ga nasa.

Ki ci abin da cikinki ya karɓa, kaɗan-kaɗan, ki sha ruwa, ki ɗan taka da safe ko da a tsakar gida ne. Motsa jiki yana rage kasala da ƙunci. Ranar da kika ji ƙarfi ki yi 'yar sana'arki, ranar da ba ki ji ba ki huta.

Kada ki zargi kanki don kin yi kuka. Ba baƙin ciki ne ya jawo ciwon ba, kuma hawaye ba sa hana magani aiki. Amma idan zazzaɓi ya kama ki a tsakanin allurai, ki je asibiti nan da nan, kada ki jira ranar da aka ba ki.

Aikin Maigida Da Dangi

Babu tsoron da ya kai wa matar aure na a juya mata baya. Kalma ɗaya daga maigida, cewa yana tare da ita da nono ko babu, ta fi ƙwayar barci. Ya raka ta wurin likita, ya saurari bayani da kunnensa, kada ya ƙaurace wa ɗakinta. Idan ana bukatar shawararsa kafin fiɗa, kada ya ja lokaci. Wannan kuma ba lokacin maganar ƙarin aure ba ne.

Dangi su raba aiki: wannan girki, wancan kai yara makaranta, wani kuɗin mota. Masu zuwa daga nesa, kamar Dukku, Bajoga, Kaltungo ko Billiri, su tanadi masauki a cikin gari tun kafin ranar allura. Masu dubiya su taƙaita zama, kada su kawo labarin wance da ta rasu da irin ciwon. “Sannu, ya jiki? Me zan yi miki?” ya isa. Kada kuma a ɓoye wa mai ciwo sunan ciwonta. Wadda ba ta san abin da take yaƙi da shi ba, da wuya ta jure wahalar magani. Yara ma a gaya musu daidai hankalinsu. Mai ɗawainiya shi ma yana gajiya, a riƙa karɓarsa.

Bayan An Gama Magani

Mata da yawa sukan yi mamaki, ranar da aka sallame su sai tsoro ya ƙaru. Dangi sun watse, kowa yana cewa an warke, ita kuwa ko ciwon kai ta ji sai gabanta ya faɗi. Wannan ma sananne ne, yakan tsananta idan ranar komawa asibiti ta gabato, yakan kuma ragu da tafiyar shekaru. Hanyar rage shi ita ce kiyaye ranakun ganin likita, da sanin alamun da ake kai wa asibiti: sabon ƙullutu a ƙirji ko hammata ko ɗaya nonon, ciwon ƙashi da ya ƙi tafiya, tari ko haki mai daɗewa, rama ba dalili, ko kumburin hannu a ɓangaren da aka yi fiɗa. Wadda aka ɗora a kan ƙwayar da ake sha kullum, irin su Tamoxifen, ta sani akan sha ta shekara 5 zuwa 10. Idan tana wahalar da ita, ta gaya wa likita, kada ta daina da kanta.

Idan Ciwon Ya Yi Nisa

Ko da likita ya ce ciwon ya bazu, aikin asibiti bai ƙare ba. Akwai magani mai rage gudunsa, akwai mai kashe zogi mai tsanani, akwai hanyar gyara gyambo a kau da wari. Wasu sukan yi shekaru a haka cikin iyalinsu. Ba daidai ba ne a bar mace tana murƙususu a ɗaki don an ce ba warkewa.

Jama'a, mace mai sankarar nono tana bukatar abu biyu: magani cikakke, da mutanen da za su tsaya mata har ta kai ƙarshensa. Na farko aikin asibiti ne da hukuma, na biyu aikin kowa ne. Duk wadda tsoro ya sa ta yanke magani, ta koma wurin likitanta, ba za a kore ta ba. In da rai, da rabo.